Yaro da Ciwon Suga: Tambayoyin Iyaye a Katsina da Daura, da Amsoshinsu

A wurinmu ciwon suga ciwon dattawa ne: na Alhaji da ya daina sa sukari a shayi, na Goggo da ta koma cin acha. Shi ya sa ranar da likita ya dubi uwa ya ce ɗanta mai shekara bakwai ne ke da shi, sai ta rasa ta inda za ta fara tambaya. Abin da ke ƙasa tambayoyi ne irin waɗanda iyaye ke yi a bencin jiran likita da kuma tsakar gida, an amsa su bisa abin da masana lafiyar yara suka tabbatar. Abu ɗaya ne ba za a samu a nan ba, wato adadin allurar da za a yi wa yaronku. Wannan na likitan da ya auna shi ne, ya kuma ga sakamakon gwajinsa.

Yaro ƙarami ma yana ciwon suga?

Yana yi, har da na goye. Sai dai yawanci ba irin na manya ba ne.

Abincin da muke ci, tuwo ne ko fura ko burodi, yana narkewa ya zama suga a cikin jini, da shi jiki ke samun ƙarfi. Amma sugan ba ya shiga tsoka da kansa, sai da wani sinadari mai suna insulin, wanda wata 'yar gaɓa da ke bayan tumbi, fankiriyas, take samarwa. A jikin dattijo mai nau'i na biyu, insulin yana nan, aikinsa ne ya yi rauni, don haka ƙwaya da gyaran abinci kan taimaka. A jikin yaro mai nau'i na ɗaya kuwa, garkuwar jikinsa ce ta juya ta lalata wurin da ke samar da insulin ɗin. Sai ya zama kamar gidan da rumbunsa ke cike da gero amma an liƙe bakin rumbun: ga hatsi, gida na kwana da yunwa. Suga ya cika jini yana fita ta fitsari, yaro na ci yana ramewa.

Akan samu matashi mai ƙiba da nau'i na biyu, jaririn da bai kai wata shida ba kuma nasa daban ne. Likita ne zai bambance.

Laifinmu ne? Alewar da yake sha ce, ko gado ne, ko an yi masa wani abu?

Ba laifin kowa ba ne. Shan alewa da rake ba ya kawo nau'i na ɗaya, haka abin da uwa ta ci tana da ciki, haka nonon da ta ba shi. Akwai ɗan rabon gado a ciki, amma mafi yawan yaran da ke kamuwa babu mai irinsa a danginsu, kuma mafi yawan 'yan'uwansu ba za su taɓa kamuwa ba. Ba ya yaɗuwa ta kwano ɗaya ko shimfiɗa ɗaya.

Ina roƙon dangin miji musamman su ji wannan. Uwar da ke tashi cikin dare tana gwada jinin ɗanta ba ta da sauran ƙarfin ɗaukar gorin cewa daga gidansu ciwon ya fito. Zargin kishiya ko maƙwabciya da sammu kuma yana raba zumunci a daidai lokacin da yaron ya fi bukatar hannu da yawa.

Ta yaya za mu gane shi tun da wuri?

Alamomi huɗu ne ke tafiya tare: yawan fitsari, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama duk da yana cin abinci, da kasala. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance sai a ga ya dawo da shi. Kafin a ɗauki tsumagiya, a lura da moɗa: sau nawa ya je randa daga magariba zuwa asuba? A kuma dubi inda ya yi fitsari a bayan ɗaki. In bayan ɗan lokaci kiyashi ya yi layi zuwa wurin, ko wandonsa ya bushe yana danƙo, wannan ba abin jira ba ne. Yarinya kuma takan yi fama da ƙaiƙayin gaba da ba ya jin magani.

Gwajin bai kai minti ɗaya ba: a huda yatsa, a ɗiga jini a tsinken gwaji. In akwai waɗannan alamomin kuma na'ura ta nuna 11.1 mmol/L, wato 200 mg/dL, ko sama, a tafi asibiti a ranar. Ba gobe ba, ba bayan kasuwa ta ci ba.

Wani kuskure da ake yi: an ga yaro ya rame, sai a sayo masa maganin ƙiba irin wanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawa daga cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke ƙara hawan suga, su ƙara dagula lamarin.

Wace alama ce ke nufin a ɗauke shi yanzu-yanzu?

Amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, baki ya bushe yana warin 'ya'yan itacen da suka wuce nuna, idanu sun faɗa, ga barcin da ake tashinsa da ƙyar. Abin da ke faruwa shi ne jiki ya rasa insulin, ya koma ƙona kitse, wannan kuma yana tara wani guba mai suna kiton wanda ke sa jini ya yi tsami. Yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma a ƙasarmu yara da yawa a wannan halin ake fara gano ciwonsu.

Matsalar ita ce ya yi kama da maleriya, da taifod, da nimoniya. Sai a yi ta allurar zazzaɓi a kemis lokaci na tafiya. Don haka duk yaron da aka kai asibiti a galabaice, uba ya buɗe baki ya ce: "Likita, don Allah a gwada masa suga." Ba rashin kunya ba ne.

A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka sani da FMC a da, akwai babban asibitin jiha, akwai asibitin mata da yara na Turai 'Yar'aduwa. Na Sandamu, Zango, Baure da Mai'aduwa, asibitin Daura ya fi musu kusa, tunda tsakanin Daura da Katsina kusan kilomita 80 ne. A fara da mafi kusa, in da bukata su za su tura gaba, wani lokaci har Asibitin Malam Aminu Kano.

Har yaushe za a yi ta wannan allurar? Ba ƙwaya?

Har tsawon rayuwa, kullum, sau biyu zuwa huɗu ko fiye. Magana ce mai nauyi, amma gara a ji ta tun farko. Ba a haɗiyar insulin domin ciki zai narkar da shi kamar nama. Ƙwayoyin da kakansa ke sha kuma aikinsu su taimaki insulin ɗin da ke jiki, shi kuwa yaron ba shi da abin da za a taimaka wa.

Kafin 1921 duk yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa. A shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, a Janairun 1922 kuma aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, ya farfaɗo. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce ranar ciwon suga ta duniya. Yau akwai likitoci da malamai da 'yan ƙwallo da iyaye mata da suka tashi da allurar tun suna yara. Allurar ba alamar ciwo ya yi tsanani ba ce, kuma ba jiki ne ke sabawa da ita har ya kasa bari ba. Abin da jiki ya daina yi ne ake mayar masa.

An ce mana wani ya warke da maganin gargajiya. Mu ma da muka fara, sugansa ya sauka. Mu daina allurar?

A'a. In akwai amsa ɗaya da nake so ta zauna a zuciyar iyaye, wannan ce.

Ga abin da ke ruɗin mutane. Makonni kaɗan bayan an fara insulin, 'yan ƙwayoyin fankiriyas da suka rage sukan ɗan farfaɗo su yi aiki. Sai sugan yaro ya daidaita, likita ya rage allura, wani ma ta koma 'yar kaɗan. Yaro ya murmure, kumatu sun dawo. A daidai wannan lokacin ne dangi suka riga suka kawo jiƙon maɗaci, da shuwaka, da garahuni, da ganyen darbejiya, da hulba. Sai a ce ai maganin ne ya yi aiki, a ajiye sirinji. Amma wannan sauƙin na ɗan lokaci ne, watanni ne yawanci, kuma zai zo ko an sha jiƙo ko ba a sha ba. Ranar da ya ƙare, yaron da ba a yi wa allura sai a dawo da shi asibiti ranga-ranga, wani kuma ba a kai ga asibitin.

Mai maganin da ke shela da lasifika a bakin kasuwa yana cewa kwana arba'in ya raba ku da suga, ba zai kasance a wurin ba ranar da yaro ya fara aman. Ɗacin ganye ba ya kashe zaƙin jini, wasu jiƙe-jiƙen ma ƙoda da hanta suke taɓawa.

Addu'a, tofi, sadaka, roƙon Allah a sujada, duk a yi, a yawaita. Ba sa karo da allura, neman magani ma umarnin addini ne. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya ce sai an ajiye insulin kafin nasa ya ci, a yi masa godiya a sallame shi, ko da kawu ne. Zuma da dabino kuma suna da albarka, amma suga ne, a lissafa su a haka.

Yaya ake allurar, kuma me za mu kiyaye?

Kada a bar asibiti sai mutum biyu a gidan sun koya, sun kuma yi da hannunsu a gaban nas. Uwa kaɗai ba ta isa ba: za ta haihu, za ta yi rashin lafiya, za ta je ta'aziyya.

A san sunan insulin ɗin yaro. Akwai garau kamar Actrapid, wanda ake yi kimanin minti 30 kafin cin abinci. Akwai mai launin madara kamar Insulatard da Mixtard, shi ana mirgina kwalbarsa a tafin hannu a hankali har ya haɗu, ba a jijjiga shi. Akwai mai dogon aiki kamar Lantus, shi ma garau ne amma aikinsa daban, kada kamannin su ruɗe ku. In wanda aka saba ya yanke a kemis, ba a musanya da wani sai an tambayi likita.

A duba lambar da ke jikin kwalba da ta jikin sirinji. Kwalba mai U-100 sai sirinji mai U-100, mai U-40 sai mai U-40. Wanda ya zuƙi insulin na 100 da sirinjin 40 ya ba yaro ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta, wannan kuma kan iya sumar da shi.

Ana yin ta a ƙarƙashin fata: ciki nesa da cibiya, gaban cinya, saman ɗuwawu, bayan damtse. A tsunkuli fata, a soka, a tura, a ƙirga goma kafin a zare. Yaro zai nace a wuri ɗaya domin ya daina jin zafi a nan, amma wurin kan yi ƙulli, insulin ya daina shiga yadda ya kamata. A riƙa zagayawa. Allura sau ɗaya aka so a yi amfani da ita. In hali ya sa an maimaita, to ta yaron ce shi kaɗai, a mayar da murfinta, da ta dakushe a jefa ta a gora mai kauri a rufe, kada ta shiga bola inda yara ke tone-tone.

Ba mu da firji, wuta ma ba ta zama. Ina za mu ajiye insulin?

Kwalbar da ba a buɗe ba ta fi son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Wadda aka fara amfani da ita takan yi kusan mako huɗu a wuri mai sanyi-sanyi, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Abokan gabanta biyu ne: rana da ƙanƙara. Insulin ɗin da ya daskare ya mutu ko ya narke daga baya, saboda haka kada a kai ajiya firizar mai sayar da ƙanƙara.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuma ya fi haka. A nan tukunyar ƙasa ke ceto. A samu tukwane biyu marasa fenti, babba da ƙarama. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cika tsakaninsu da yashi har wuya. A jiƙa yashin sosai, a sa insulin a cikin 'yar roba mai murfi don kada laima ta cinye rubutun kwalbar, a ajiye robar cikin ƙaramar tukunya, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A aje a inuwa inda iska ke wucewa, a ƙara ruwa safe da yamma. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin tukunya yana bushewa shi ke janye zafin, shi ya sa ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa wannan dabara don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex a 2000.

In za a yi tafiya, a naɗe robar da jiƙaƙƙen ƙyalle a riƙe a jaka. Kada a bar ta a gaban mota, ko a but, ko a aljihun babur. Insulin garau da ya yi gurɓi, ko mai launin madara da ya yi gudaji, a jefar.

Wace lamba ce mai kyau a na'urar gwaji?

Na'urori iri biyu ne. Mai nuna ƙananan lambobi irin 5.6 tana auna mmol/L, mai nuna irin 100 tana auna mg/dL. A ninka ta farko sau 18 a samu ta biyu. Abin da ake nema shi ne yawancin yini suga ya zauna tsakanin 4 da 10, wato 70 zuwa 180, kafin cin abinci kuma kusa da 4 zuwa 8. Akwai gwajin HbA1c da ake yi duk wata uku, yana nuna yadda aka kwana a watannin, ana son kashi 7 ko ƙasa.

A sayi littafin makaranta a riƙa rubuta lokaci, lamba, allura da abin da aka ci. A rubuta gaskiya. Yaron da ake yi wa faɗa in lamba ta hau zai koyi ɓoyewa, likita kuma ya gyara allura bisa lambar ƙarya.

In suga ya faɗi fa?

Ƙasa da 3.9, wato 70, faɗuwa ce. Yaro ya fara rawar jiki, gumi mai sanyi, yunwa, jiri, ko rigima da kuka babu dalili, ko ya yi shiru yana kallon wuri ɗaya. Yakan faru in an yi allura bai ci ba, ko ya yini yana ƙwallo, ko kiwo, ko ɗibar ruwa. Cikin dare kuma a ga ya jiƙe da gumi yana firgita.

A ba shi sukari nan take: ƙaramin cokali biyu a ɗan ruwa ga yaro mai kilo 30, uku ga mai kilo 50, ko rabin kofin lemon kwalba mai zaƙi. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a bi da burodi ko abinci. In babu tsinken gwaji kuma alamun sun nuna, a ba shi kawai.

In ya suma ko yana jijjiga, kada a ɗura masa komai, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, in akwai allurar gulukagon, mai ɗaga suga, a yi masa, a nufi asibiti mafi kusa a ce musu yaro ne mai allurar insulin. Nan ne ake cewa iska ce ta taɓa shi a tsaya hayaƙi da turare, minti na wucewa ƙwaƙwalwa na rasa abincinta. A yi addu'ar a kan hanya.

An ce sai wake da acha kawai zai ci. Haka ne?

Ba haka ba ne, kuma wannan hukuncin ya tsumburar da yara da yawa. Yaro girma yake yi, yana bukatar abinci isasshe. Ba a hana shi ci don suga ya sauka, allura ake daidaitawa da cinsa.

Zai ci tukunyar gidan. Tuwon dawa, na masara, na gero, shinkafa, taliya, ɗanwake, dambu, waina, duk sitaci ne, duk suna ɗaga suga, har acha da alkama ɗin da ake yabo. Abin lura shi ne yawa da lokaci. A ware masa kwanonsa, malmalarsa ta yau ta yi daidai da ta jiya, a cika miya: kuka, kuɓewa, taushe, ganye. Kwaɗon zogale da rama, ƙwai, kifi, nama, awara, gyaɗa da ƙuli-ƙuli ba sa ɗaga suga sosai, su ne abin taɓawa in yunwa ta taso. Ƙosai da alala suna da kyau. Fura da nono zai sha, ba sukari, da ludayi sananne. Koko da kunu suna saurin hawa jini, a haɗa su da ƙosai ko ƙwai. Mangwaro, lemo, gwaiba, kankana, a ci kaɗan tare da abinci, ba a zauna gindin bishiya ba.

Abin da za a janye daga yau da kullum shi ne zaƙin sha: lemon kwalba, zoɓo da kunun aya masu sukari, shayi mai kauri. Ga wanda ke kan Mixtard, tsallake abinci haɗari ne, domin allurar safe tana aiki har la'asar ko ya ci ko bai ci ba.

Ranar sallah kuma, ko sallar Gani a Daura, kada a ware shi yana kallon 'yan'uwansa. Ɗan cincin ko alkaki bayan abinci ba zai rushe komai ba in an gwada jini. Yawon kallon hawa ma saukar da suga yake yi, a sa masa sukari a aljihu.

Yana zazzaɓi, ba ya cin komai. Mu tsallake allurar yau?

Kada a tsallake. Rashin lafiya yawanci ɗaga suga take yi ko da ciki babu komai, kuma a irin wannan ranar kiton ke taruwa. Adadin ne kan canza, shi ya sa ake karɓar lambar wayar asibiti tun ana lafiya. A gwada jini duk awa biyu zuwa huɗu, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. In suga ya yi ƙasa kuma ya ƙi abinci, a ba shi kunu ko ruwan gishiri da sukari. In akwai tsinken gwada kiton a fitsari a yi amfani da shi. Amai fiye da sau biyu, ko numfashi ya canza, sai asibiti. Maleriya mai tsanani da maganin kwinin kuma sukan saukar da suga, a gaya wa duk mai ba da magani halin da yaron ke ciki. Rigakafi da gidan sauro kamar kowane yaro.

Zai yi azumi?

Wanda bai balaga ba azumi bai hau kansa ba. Wanda ya balaga kuma marar lafiya ne, Alƙur'ani ya yi masa rangwame a aya ta 184 da 185 ta Suratul Baƙara, likitoci kuma suna sa mai nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi ke wa haɗari sosai. Matsalar ita ce matashi ba ya son abokai su ce masa ragon azumi, sai ya ɗauka a ɓoye. Gara a zauna da shi da malamin da yake girmamawa. In ya dage, a ga likita makonni kafin watan ya kama, a gyara allura. Huda yatsa ba ya karya azumi. In suga ya sauka ƙasa da 3.9 ko ya haura 16.7, wato 300, ko jikinsa ya canza, ya sha ruwa nan take ko saura minti biyar a kira salla.

Makaranta fa? Mu gaya wa malamai?

A gaya musu, na boko da na islamiyya da na allo. Su san abu uku: a bar shi ya fita fitsari, a bar shi ya ci abu a aji in ya ji alama, kuma in ya rikice a ba shi sukari kafin a nemi gida. Abokinsa ɗaya ma ya sani. Wasanni zai yi, ya ɗan ci wani abu kafin ya fara.

Makarantar kwana sai an tabbatar da mai kula da lafiya da wurin ajiyar insulin. Tura shi karatun allo wani gari kuwa, inda abinci ba shi da lokaci kuma babu mai tashi a kansa da dare, ra'ayina kada a yi. Ya yi karatunsa a gaban iyayensa.

Kuɗin ya fi ƙarfinmu. Ya za mu yi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ciwo. Kwalbar U-100 mai mililita 10 tana da yunit 1,000, a lissafa kwana nawa take yi wa yaro, a nemi ta gaba tun saura mako guda. In kuɗi ya gaza, insulin ne farko, tsinken gwaji na biye. In tsinken ya yi kaɗan, a riƙa sauya lokaci: yau da asuba, gobe kafin abincin rana, jibi kafin barci, a kuma ɓoye wasu don ranar rashin lafiya. Rage allura don kwalba ta daɗe yana ƙarewa ne a gadon asibiti, inda kuɗin ya ninka.

A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti. A bincika rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha, KTSCHMA, a ji abin da tsarinta ya ƙunsa. A tambayi likita ko asibitin na da alaƙa da shirye-shirye irin Life for a Child, mai tallafa wa yara da insulin a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ko da Ƙungiyar Masu Ciwon Suga ta Najeriya. Dangi kuma su raba nauyin wata-wata. Masu fitar da zakka a unguwa su sani akwai gidan da kwalba ɗaya ke tsakanin ɗansu da kabari.

Za a yi masa kaciya? Idonsa da ƙodarsa fa?

Kaciya da cire haƙori a asibiti, bayan suga ya daidaita, likitansa na sane. Lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi tana zuwa ne bayan shekaru na hawan suga, kuma kulawa tana rage ta ƙwarai. Daga wajen shekara 11, in ciwon ya yi shekara biyu zuwa biyar, a fara duba ido da fitsari a kai a kai.

'Yarmu za ta yi aure ta haihu? Mu ɓoye wa masu nema?

Za ta yi, in Allah ya yarda, ta kuma haifi 'ya'ya lafiyayyu. Abin da ake bukata shi ne suga ya daidaita kafin ɗaukar ciki, a yi awo da haihuwa a babban asibiti. Ɓoyewa ce ke kashewa: amaryar da ke tsoron a ga sirinji a ɗakinta sai ta daina allura. A gaya wa manemin tun kafin a sa rana, a tafi da shi wurin likita ya ji da kunnensa.

Ya fara girma, yana ƙin allura, yana cewa ya gaji. Me za mu yi?

Ya gaji ɗin ne da gaske, a fara da yarda da hakan. Lokacin balaga jiki kan bukaci insulin fiye da da, lambobi su rikice ko yana ƙoƙari, ga son ya zama kamar kowa. Duka da gori ba sa gyara wannan, tsoratar da shi da makanta ko yanke ƙafa ma haka.

Yara da yawa kan iya huda yatsa da kansu tun suna firamare, su fara allura wajen shekara goma, amma iyawa daban, a sakar masa daban. Babba ya ci gaba da ganin allurar da idonsa, ko da ta safe da ta dare ce. In ya ce yau ba zai iya ba, uba ya karɓi sirinjin ya yi masa, ba tare da dogon jawabi ba. A roƙi nas ta haɗa shi da wani matashi mai irin ciwon a ranar asibiti, domin abin da ya ƙi ji daga bakin Baba yakan ji shi daga sa'ansa. In kuma aka ga ya daina walwala, ya janye daga mutane, ko ana yawan kwantar da shi ba a san dalili ba, a gaya wa likita a keɓe, a kuma ba shi damar ganin likitan shi kaɗai.